Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke karatu a Ngaundere

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Kawunka da iyalinsa baki ɗaya. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafin da ka sani. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko rigar sanyin da ta aiko ta shige ka, domin Kawunka ya ce ka yi tsawo har wandunanka duk sun ɗage. Na zaɓi in rubuta maka takarda ne saboda a waya ba ka barin magana ta kai ƙarshe, sai ka yi ta cewa "to, Baba" har in gaji in kashe.

Abba, ka cika shekara 16. Muryarka ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa, ƙuraje sun fito maka a fuska, kuma na ji abinci ba ya isarka, barcin safe kuwa sai an yi da gaske ake tashinka. Duk wannan ba ciwo ba ne, girma ne, kuma kowane namiji ta nan ya bi. Idan ka yi mafarki irin na manya, wanka ya wajaba a kanka, kada kunya ta hana ka tambayar Kawunka yadda ake yi. Daga nan alƙalami ya hau kanka, sallarka da azuminka naka ne. Saurin fushi da son a ɗauke ka babba ma na san daga ina suke fitowa. Shi ya sa ranar maganar babur, da ka ɗaga murya a gaban baƙi, ban ce maka uffan ba.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Labari ya iso mini cewa ana ganinka bayan isha'i a teburin mai shayi wajen tashar jirgin ƙasa, cikin samari masu haya da babur. Kada ka ɓata lokacinka wajen neman wanda ya faɗa mini. Ban ce ka sha komai ba, kuma a cikinsu akwai masu neman halal ɗinsu da mutunci. Sai dai ni da kai mun san abin da wasu ke jefawa a cikin shayi da kofi a irin wuraren nan, mun kuma san cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Tramol nake tsoro, Abba. Asalinsa maganin kashe zafin ciwo ne mai ƙarfi, wanda likita ke rubutawa da awo. Ƙwayar asibiti yawanci miligram 50 ce, amma wadda ake sayarwa a ɓoye a bakin titi takan kai 120 ko 225, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin ɗan makaranta ba. Ba wanda zai ce maka zo ka lalace. Cewa za su yi yana kawar da gajiya, yana sa mutum ya kwana yana karatu, yana cire kunyar yi wa yarinya magana, wato daidai abubuwan da yaro mai shekarunka yake nema. Bayan ɗan lokaci ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku, ranar da babu kuwa sai ciwon gaɓoɓi da gumi da rashin barci. Idan ya yi yawa yana kayar da mutum kamar mai farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi. Likitoci sun ce sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna ƙarshen abu kafin a aikata shi, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke son daɗi da yabon abokai ya riga ya farka tun farkon balaga. Wannan ne ya sa ɗabi'ar da ta kama mutum a shekarunka take da wuyar saki. Ba sai na tuna maka ɗan Goggonka ba, kai ka riƙe masa kai a zaure ranar da ya faɗi, kuma kana gani har yau Goggonka ba ta son a ambaci sunansa a gabanta.

Na san kana ganin korarka na yi daga gida. Ba haka ba ne. Na raba ka da samarin unguwarmu ne, na kuma sayar da abin da ka sani don ka shiga lise, wato makarantar sakandare, mai kyau, ban yi shawara da son raina ba, balle da hawayen Innarka. To, yanzu in je in tarar ka samo irinsu a can? Waya ba ka ɗauka sai in kuɗi kake so. Kuɗin littattafan da na aiko, Kawunka ya ce bai ga littafi ko ɗaya ba. Ka ci BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, sai ka ɗauka ka gama da duniya, alhali jarrabawar da ke gabanka ta kayar da waɗanda suka fi ka ƙoƙari. Wannan ba halin gidanmu ba ne, kuma ba zan lamunta ba.

Duk da haka, ba na so tsorona ya sa ka ɓoye mini gaskiya. Idan ka taɓa sha, ko sau ɗaya ne, ka faɗa mini ko ka faɗa wa Kawunka. Ba zan dake ka ba, ba kuma zan tona ka a dangi ba, asibiti za mu je tare, domin wanda ya saba da shi a hankali ake janye masa, ƙarƙashin kulawar likita. Idan kuma kaɗaici ne ke kai ka wurin, ka nemi abokai a cikin 'yan ajinku, ka koma ƙwallon da kake so, ka kuma kawo abokanka gida Kawunka ya san fuskokinsu. Ban hana ka fita ba, amma ka dawo kafin a rufe ƙofa.

Zan aiko da kuɗin mota ta hannun Kawunka, ka zo gida da zarar an ba da hutun Disamba. Kafin nan ina jiran amsarka a rubuce, da hannunka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Wassalam,
Mahaifinka