Godiya ga sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da ya fara mini da minti biyar

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikatan sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, tun daga mai ba da kati har zuwa Likita.

Da farko na so in rubuta wannan a takarda in miƙa muku hannu da hannu. Maiɗakina ce ta hana, ta ce in fitar da shi fili, domin da ita ta ci karo da irin wannan bayani da wuri, da ba mu shafe wata bakwai muna lalube cikin duhu ba. Ban sa sunan kowa ba, har da nawa. Amma za ku gane ni: ni ne mutumin da ya zo ranar farko yana ta rantsuwa cewa shi lafiyarsa ƙalau, matarsa ce kawai ta matsa.

Ni akawu ne, shekarata 43, kuma lissafi ne abin da na iya tun ina yaro. A nan ciwon damuwa ya fara kama ni. Sai in karanta layi ɗaya na lambobi sau biyar, ban riƙe komai ba. Barci ya koma na kaza: ƙarfe uku na dare idona biyu, ina kallon rufi har gari ya waye. Ƙaramar 'yata takan kawo mini zanen da ta yi a makaranta, in ce mata ya yi kyau, amma a cikina ba na jin komai, kamar an zare wani abu an bar ramin. Ban yi kuka ba ko sau ɗaya, shi ya sa ban taɓa kawo ciwon damuwa a raina ba, don na ɗauka mai damuwa shi ne mai hawaye. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Tawa fuskar ta iya ƙarya, har dariya nake yi a ofis.

Masu ƙaunata sun yi iya yinsu. Wani ya ce in yi haƙuri, wani ya ce in cire abin a raina. Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce tambayar nan: "Kai me ka rasa?" Ban rasa komai ba, ga aiki, ga iyali, ga rufin asiri. Sai na ƙara wa kaina wani laifin a kan ciwon, na butulci.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali a wurinku shi ne ba wanda ya yi mini wannan tambayar. Nas ta ba ni takarda mai tambayoyi tara, wadda ta ce ana kiranta PHQ-9, duk a kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, natsuwa, yadda nake ganin kaina. Makin yana tsayawa a 27, yawansa kuma tsananin ciwon yake nunawa, ni na sami 18. Sannan Likita ya sa aka ɗibi jinina, ya ce ƙarancin jini da matsalar ƙwayar nan ta wuya da ake kira tayirod suna iya zuwa da kamannin damuwa, ba zai yi mini maganin abin da bai tabbatar ba. Daga nan ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Malam, ka taɓa jin cewa gara a ce ba ka raye?" Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar kai tsaye. Na yi shiru mai tsawo, shi ma bai cike shirun da magana ba, har na amsa. Likita, ranar ce na fara yin numfashi sosai cikin watanni.

Shi ya bayyana mini cewa baƙin ciki na kowa ne, yana zuwa ya wuce. Ciwon damuwa kuwa shi ne ƙunci ko mutuwar sha'awa ya zauna wa mutum kusan kullum, yawancin yini, har mako biyu ko fiye, ya taɓa masa aiki da zaman gida. Ya ce a ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, mutum wajen miliyan 280 ne ke ɗauke da shi, kusan biyar cikin kowane ɗari na manya, kuma ya fi yawa a mata. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, fiye da kashi 75 cikin ɗari ba sa samun wani magani. Akawu ne ni, lamba tana shiga kaina ta inda lallashi ba ya shiga. Na fita ina tunanin ashe abin yana da suna, yana da ma'auni, ba lalacewa na yi ba.

Ya rubuta mini magani, ya gargaɗe ni cewa yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, sannan ya tura ni wurin Malama mai ba da shawara. Ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Na zata nasiha zan sha. Ashe aiki za a ba ni. Ta ce hanyar da take bi wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, ya assasa ta a shekarun 1960, bayan ya lura cewa masu wannan ciwo suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu, su kuwa su karɓe su a matsayin gaskiya ba bincike. Ta ba ni ƙaramin littafi, ta ce duk lokacin da raina ya ɓaci in rubuta abin da ya faru, da abin da zuciyata ta faɗa mini, da shaidar da ke goyon bayansa, da wadda ke ƙaryata shi. Na farko da na rubuta: na gaida shugabanmu a ofis bai amsa ba, zuciyata ta ce sallamata za a yi. Da muka zauna, ta ce, "Malam, da wani ya kawo maka wannan a matsayin rasit, za ka biya?" Na yi dariya, ta gaske wannan karon. Waya ce a kunnen mutumin lokacin da na gaishe shi.

A zama na biyu ne ta kawo maganar motsa jiki, ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce, "Malama, mutumin da wanka ke gagara ne za ki ce ya fita gudu?" Ta ce, "Ban ce gudu ba. Minti biyar na ce. Ka fita ƙofa, ka yi tafiya minti biyu da rabi, ka juyo." Na ce idan na ji ƙarfi zan gwada. Ta girgiza kai. Ta ce wannan jiran shi ne tarkon: ciwon yana hana ka yin abu, rashin yin abin yana rage maka duk wata hanyar jin daɗi, ƙuncin ya ƙaru, ya ƙara zaunar da kai. Mai lafiya yakan ji sha'awa sannan ya tashi. Mai wannan ciwo sai ya tashi tukuna, sha'awar ta biyo shi daga baya, a makare. Ta ce in ajiye takalmi a bakin ƙofa tun dare, in sa wa fitar lokaci guda da safe don hasken rana yana taimaka wa barci ya dawo kan tsarinsa, kuma in ba yanayin raina maki daga 0 zuwa 10 kafin in fita da bayan na dawo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, makon farko ba abin da ya canza, biyu kafin fita, biyu bayan dawowa. A mako na biyu na fara ganin biyu tana komawa uku. Maki ɗaya ba komai ba ne a idon wani. A wurina, shi ne shaida ta farko cikin wata bakwai cewa akwai abin da zan yi da jikina ya taɓa abin da ke raina.

Daga nan kuka haɗa ni da matashin ma'aikacinku mai kula da motsa jiki, wanda ke kirana Baba duk da ban kai ba. Ya auna hawan jinina, ya duba gwiwata, ya koya mini awon da ba ya buƙatar na'ura: in yi sauri daidai yadda zan iya magana amma ba zan iya rera waƙa ba. Biyar ta zama goma, goma ta zama ashirin. Ya ce inda aka nufa shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara, aƙalla minti 150 a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Nawa ƙarfafawar ba ta wuce tashi da zama a kan kujera da tura bango ba. Ya ce motsi yana gyara barci, yana ƙara wani sinadari mai suna BDNF da ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ƙulla sababbin hanyoyi, kuma yana katse wa mutum saƙa da warwara.

A mako na bakwai na kamu da mura, na kwanta kwana uku. Na warke, amma ban koma fita ba. Kwana uku suka zama goma sha ɗaya. Kullum in ga takalmin nan a bakin ƙofa in kawar da kai, har na tura shi ƙarƙashin gado. Ranar zama ta zo na ƙi zuwa don kunya. Washegari nas ɗinku ta kira ni, ba faɗa, ta ce an ajiye mini wani lokacin. Da na zo, na ce wa Malama na lalata komai, dama ni ba na gama abin da na fara. Ta miƙo hannu ta karɓi littafina, ta ƙirga kwanakin da na fita: 38. Ta ce, "Ka ce ba ka gama abu. Waɗannan wa ya yi su?" Sannan ta sa na rubuta wannan maganar tawa a shafin tunane-tunane, muka yi mata binciken da muka yi wa maganar shugabanmu. Ta mayar da ni minti biyar, kamar ranar farko, ba tare da ta nuna an koma baya ba.

A nan na gane dalilin da ya sa kuke haɗa biyun. Da tafiyar kaɗai nake yi, da a wannan murar ta ƙare, domin muryar da ke ce mini ba ni da amfani ta fi ƙafata ƙarfi. Da maganar kaɗai muke yi, da ba ni da waɗannan kwanaki 38 da za a ɗora a gabana in kasa musu. Tafiyar tana kawo shaida, zaman yana koya mini karanta ta.

Da na ji sauƙi sai ɗabi'ar akawu ta motsa, na shiga bincike. Na ga cewa a 1999, a Jami'ar Duke da ke Amurka, James Blumenthal da abokan aikinsa sun raba mutum 156 masu shekara 50 zuwa sama gida uku: masu motsa jiki, masu shan maganin damuwa mai suna sertraline, da masu haɗa biyun. Bayan mako 16 sauƙin da suka samu ya yi kusan daidai. Na kuma ga cewa a 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara bincike 218 da suka shafi mutum fiye da 14,000, aka ga tafiya ko sassarfa, da yoga, da ɗaga nauyi duk suna rage ciwon. Na zo wa Likita da ɗokina, na ce tunda haka ne zan ajiye ƙwaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a'a. Ya ce ana ci gaba da magani aƙalla wata shida bayan an warware don kada ciwon ya dawo, kuma ba a yanke shi dare ɗaya, a hankali ake ragewa a ƙarƙashin kulawa. Ya ƙara da cewa mai ciwo mai tsanani, musamman wanda tunanin kashe kansa ke zuwar masa, asibiti yake buƙata nan take, ba a tura shi yawo a ce ya wadatar. Na ji haushi ranar, yanzu kuwa ina gode masa. Shi ya sa nake roƙon mai karanta wannan, kada ya ɗauki labarina ya je ya tsaya a kan ɗan uwansa yana cewa "tashi ka motsa". A bakin wanda bai san ciwon ba, wannan maganar daidai take da "me ka rasa?"

Maiɗakina tana gaida Malama ta musamman. Ba ta manta ranar da kika kira ta ciki kika ce mata, "Uwargida, ki daina tambayarsa ko zai fita. Ki sa naki takalmin ki tsaya a ƙofa." Kika kuma tambaye ta yadda take barci, abin da ni, mijinta, ban tuna na tambaya ba cikin duk watannin nan. Ta yi kuka a hanyarmu ta komawa gida.

Mai ba da kati, na lura ba ka ɗaga murya idan za ka kira suna, kana zuwa har inda mutum yake zaune. Wanda bai taɓa zama a bencin nan yana addu'ar kada wani ya gane shi ba, ba zai san girman wannan ba. Roƙona ɗaya ga shugaba: bencin yana fuskantar hanyar da kowa ke wucewa, da za a juya shi ko a sa labule, da wasu da na ga sun leƙo sun juya, da sun shigo sun zauna.

A awon ƙarshe makina na takardar nan mai tambayoyi tara ya sauko daga 18 zuwa 4. Ina tafiyar minti talatin kwana biyar a mako, wani makon huɗu. Akwai safiyar da har yanzu nauyin ke dawowa, sai in yi biyar ɗin in juyo. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku haƙuri da irinmu masu gardama. Malama, littafin ya cika tun makon jiya, zan zo da sabo ranar zamanmu.

Naku,
Akawun nan mai gardama.