A Riƙa Kai Zumar Shaguna Ɗakin Gwaji

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili kan zumar da ake sayarwa a kwalabe a shagunan ƙauyukanmu. Gwajin da jama'a suka dogara da shi, wato a tsoma tsinken ashana a ƙyasta, ko a ɗiga zuma a kofin ruwa a ga ko za ta nutse, ba ya kama algus. Sukarin da aka narka ya yi kauri ma yakan tsallake.

A ɗakin gwaji, ruwan da ke cikin zumar ake fara aunawa, da ɗigo ɗaya a kan na'urar rifaraktomita. Ƙa'idar ingancin abinci ta duniya, wato Codex, ta ce kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Idan aka ciro saƙa daga amya kafin ƙudan zuma su rufe ramukan da kaki, ruwa zai yi yawa, sai ka ga zumar ta yi kumfa ta yi tsami, har murfin kwalba ya kumbura. Sannan a auna sinadarin HMF, wanda ke ƙaruwa idan an tafasa saƙa a tukunya ko an bar kwalabe a rana. A ƙasashe masu zafi irin tamu iyakarsa miligiram 80 a kowane kilo. Sukarin rake kuma kada ya haura kashi 5. Daskarewa lokacin hunturu fa ba alamar algus ba ce, zuma ta gaskiya ma tana yi.

Muna roƙon NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta riƙa ɗibar samfuri daga kasuwannin karkara, domin har marasa lafiya suna sayen zumar nan.

Wasu masu kiwon zuma,
Birnin Kudu, Jihar Jigawa.