Auta ya shiga farin ɗaki

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya Njamena, ya iyali, ya ƙarfin jikin Hajiya? Wata huɗu ke nan ba ka ce mini uffan ba. Dama maganar filin nan na Yelwa nake so mu ƙarasa, amma bari in fara da abin da ya cika mini ciki.

Auta ya samu aiki! Yaron nan da kake aika sayo maka shayi, wanda ya ɓaɓɓalle rediyon Baba don ya ga mai magana a ciki. Jami'ar da ya ƙare a Faransa ta ɗauke shi injiniya a ɗakin da ake ƙera ƙananan abubuwa irin na cikin waya da kwamfuta. Su uku aka ɗauka. Ranar Litinin aka tara ma'aikata aka yi musu maraba, aka damƙa shi hannun wata dattijuwa da ta daɗe a wurin. Ta ce masa sati guda ba zai taɓa ko na'ura ɗaya ba, sai ya iya sa kaya tukuna.

Sa kaya fa, aminina. Hular gashi, takunkumi, farar riga mai haɗe da wando, takalmi a kan takalmi, safar hannu, kowanne da lokacinsa. Ba a shiga da fensir ko takardar gida, ba hoda. Ya turo hoto, ido kawai ake gani. Inna ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da fuska, ta yi salati, ta ce wane ciwo ya kama shi? Da ƙyar muka fahimtar da ita cewa aikin ake karewa daga gare shi, don jikin mutum kullum zubar da ƙura yake. Farin ɗaki suke ce wa wurin da Faransanci, amma ɓangaren da ya tsaya fitilunsa rawaya ne, saboda farin haske yana ɓata maganin da suke shafa wa faifan silikon kafin su zana masa layuka. Da nanomita suke awo, wato a raba mita gida biliyan ɗaya. Silin gashi ɗaya kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000, ka ga ƙwayar ƙura guda a wurinsu dutse ce ta faɗo kan hanya. Na karanta saƙon ina kallon tagarmu, hazon da kuke turo mana daga Bodele, can hamadar Chadi, ya rufe gadar Binuwai. Ku rage mana, don Allah, tari ya ishe mu a Garwa.

Af, mai shayin bakin kasuwa ya aurar da 'yarsa, ya tambaye ka har sau biyu. Abokin karon ka kuma ya dawo daga Ngaundere da sabon babur, yana nan yana jiranka da musun ƙungiyar ƙwallon Coton Sport.

Abin da ban gaya wa Inna ba shi ne asid ɗin da suke ce wa HF. Auta ya ce idan ya taɓa fata ba lallai ka ji zafi nan take ba, sai ya ratsa ya kai ga ƙashi. Shi ya sa akwai man kalsiyam ajiye kusa da wurin, kuma an hana mutum ya yi aikin shi kaɗai. Ka san shi da gaggawa. Tun da na ji wannan, kowace asuba sai na sa shi a addu'a da sunansa.

Sai kuma ɗaya damuwar. Na tambaye shi yaushe zai dawo, ya yi shiru, ya ce Yaya, in dawo in yi aiki a ina? Ɗakin nan ba ya son wuta ta ɗauke, iskarsa dare da rana ake tace ta. Ban ga laifinsa ba, wallahi, amma abin ya tsaya mini a rai. Baba yana tsufa, kuma shi ne ɗan lelensa.

Kai yake jin maganarka fiye da ni. Ka kira shi ka yi masa murna, ka ja masa kunne kan safar hannun nan, kada ka taɓo zancen dawowa yanzu. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Garwa