Kada a sayar da tsohon injin zarto a bakin kilo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan tsofaffin injinan zarto masu sarƙa, waɗanda ake yanka itace da su, da nake ganin ana jibge su cikin tarkacen ƙarfe a kasuwar Katako ta nan Yamai. A ganina yawancinsu ba mutuwa suka yi ba, ajiya ce da ƙura suka kwantar da su, kuma matashin da yake son koyon gyaran inji da hannunsa ba zai sami abin farawa da ya fi su sauƙi ba.

Ni ba bakanike ba ne. Damina ce ta sa ni cikin wannan harka, lokacin da iska ta kayar da wani itacen dogon yaro a ƙofar gidanmu, muka kwana biyu muna fama da gatari. Daga nan na sayi wani tsohon inji da mai shi ya ce ya shekara uku bai tashi ba, na shimfiɗa buhu a zaure, na fara kwance shi da sukudireba, ina ɗaukar hoton kowane ƙarfe da salula kafin in cire shi, don kada in manta mazauninsa.

Abu na farko, tun kafin a biya kuɗi, shi ne a ja igiyar tayarwa. In ta yi tauri tana turjewa, to akwai matsin iska a cikin silinda, kuma injin yana da sauran rai. In kuwa ta zo salalau-salalau, sai a kwance salansar hayaƙi a leƙa jikin fistan, wato ƙarfen da yake kai-komo a cikin silinda, ta ramin hayaƙin. Idan an ga ya kakkarce, gara mai koyo ya haƙura ya nemi wani, domin gyaran nan ya fi ƙarfin ɗan fari. Bayan haka sai a duba buji, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya suke kira fulogi, a goge shi, a daidaita tazarar bakinsa wajen rabin milimita, a ga ko yana ba da wuta.

Inda aikin yake shi ne wajen mai. Fetur ɗin da aka bari a tanki watanni yakan lalace ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan hanyoyin kabureta, wato inda fetur yake haɗuwa da iska, ya busar da 'yar siririyar robar da take tura mai har ta yi ƙanƙam, tiyo kuma ya tsattsage. Nawa injin duk wannan ne ciwonsa, haɗe da matacin iska da ƙurar hunturu ta liƙe shi. Na wanke tankin, na sake tiyo da robar kabureta, na wanke matacin, kuma a ja na bakwai ya yi tari ya tashi, har yaran unguwa suka cika zauren.

Sai dai akwai kuskuren da yake kashe waɗannan injina kisan da ba tashi, kuma shi ne babban dalilin wannan wasiƙa. Ba su da ma'ajin man inji dabam irin na yawancin baburan da kanikawanmu suka saba da su. Cikin fetur ake gauraya musu man da yake shafe fistan. Kamfanonin Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin suna ba da ma'aunin kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5, amma wasu tsofaffin ƙira suna buƙatar fiye da haka, shi ya sa ya kamata a binciki ma'aunin kowane inji. Wanda ya ɗura fetur zalla, ko ya matse sukurun kabureta mai alamar H fiye da kima don ya ji ƙara mai daɗi, zai ƙone fistan cikin 'yan mintoci.

Tashin inji kuma ba shi ne ƙarshen gyara ba. Dole a wasa haƙoran sarƙa da magagari mai zagaye, a tabbata man shafe sarƙa, wanda shi dabam yake da na fistan, yana sauka a kanta, a gwada birkinta, domin in kan zarton ya taɓa itace yakan yi tsalle ya komo wajen fuskar mai riƙe da shi. Injin da birkinsa bai kama ba, ni dai ba zan miƙa wa ɗana shi ba.

Na san wasu za su ce ƙasar da hamada take ci ba ta buƙatar ƙarin zarto, kuma suna da hujja. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, gawo yana cikin itatuwan da aka kare, kuma mai inji ba ya sare tsayayyen itace sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Nawa injin aikinsa sassabe rassa ne da datse abin da iska ta kayar, wanda kowace damina ba a rasa shi a titunan Yamai. Ina roƙon jaridarku ta aika wakili Katako ya tattauna da kanikawan da suka san wannan inji, a buga mana bayaninsu da Hausa kafin hadarin bana ya taso.

Naku mai karatu,
daga unguwar Bukoki, Yamai