Tsakuwar hanya na cinye mana fentin motoci a Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ina gaishe ka tare da abokan aikinka. Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan wata ɓarna da ke cin kuɗin masu motoci a nan Damagaram amma ba mai ɗaukarta a bakin komai, wato tsakuwar da ke tsalle daga tayar motar gaba ko daga bayan tifa ta daki fenti.

Duk mai bin hanyar Tanut ko ta Magarya ko ta Matamai ya san ƙarar nan, tas! a murfin inji ko a gilashi, sai mutum ya ce ba komai ya ci gaba da tafiyarshi. To ka shiga tasha ka duba gaban motocin da ke dogon zango, za ka ga ɗigo-ɗigo kamar fuskar mai zanzana, fararen sababbi ne, jajayen kuma tsatsa ta riga ta kama su. Mutane na zaton fenti abu ne mai kauri, alhali duka shimfiɗa ukun, na ƙasa mai riƙe ƙarfe da kalar kanta da mai ƙyallin nan na sama, in an haɗa su ba su kai rabin rabin milimita ba a yawancin motoci. Tsakuwa ɗaya ta isa ta huda su har ƙarfe. Da rani ba za ka ga komai ba tunda iska a bushe take, sai damina ta sauka ruwa ya zauna a ɗan ramin, tsatsa ta riƙa bi ta ƙarƙashi har fentin ya kumbura ya fara ɓarewa, daga nan sai mai fenti ya kankare gefen gaba ɗaya, kuma da wuya sabuwar kalar ta hau da tsohuwar da ranarmu ta riga ta koɗar. Ran da ka zo saidawa dillali ya shafa wurin ya ce ai motar ta taɓa haɗari, ya karya ma kuɗi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne tifofin da ke ɗaukar tsakuwa da yashi zuwa wuraren gini. A tula kaya har ya fi bakin motar tudu, ba tamfol, robar nan da ake ratayawa bayan taya ma ta daɗe da cirewa ba a mayar ba, duk ramin da suka faɗa sai sun yi wa na baya ruwan duwatsu. Mu masu mota fenti ne da gilashi, ɗan kabu-kabu fa da fasinjanshi? Su a fuska suke karɓa, wlh ido ɗaya in ya tafi ba mai fentin da zai gyara shi. Haka masu facin hanya, in an gama aiki a share tsakuwar da ta rage mana, ko a kafa allo mutane su san su rage wuta.

Mu ma direbobi da namu. Hanyar Tanut ta cika da tankokin mai tun da aka buɗe matatar mai a 2011, kuma inda bakin kwalta ya cinye dole in an haɗu wani ya sauke taya gefe, nan ne tsakuwa ke tashi. Amma sai ka ga mutum ya liƙe wa babbar mota a gindi yana neman wucewa. Ka ja baya ka ba ta tazara sosai, dutsen zai faɗi ƙasa kafin ka iso. Kuma gudu ba ƙaramin abu ba ne, in ka ninka gudunka ƙarfin dukan sau 4 yake ƙaruwa, mai gudun 100 da mai 50 ba ɓarna ɗaya suke kwasa ba. A hanyar marmara in ka hango mota ta taho ka sassauta, gudunka da nata haɗuwa suke.

In ta riga ta daka kar a bari ta kwana biyu. A wanke wurin ya bushe, a duba lambar kalar motar, galibi tana manne a jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji, a kai wa mai haɗa fenti ya haɗa ɗan kaɗan, a ɗiga da tsinken ashana cikin ramin kawai, ba shafawa ake ba. In tsatsa ta fara a kankare ta tukuna. Wanda bai samu ba ko jan farce marar kala ya ɗiga, zai tare ruwa kafin a gyara. Akwai ledar nan mai garai-garai da ake mannawa a gaban mota, tana aiki kam amma da tsada, mai arahar kuma rana na mayar da ita ɗorawa. Man goge mota ƙyalli kawai yake sawa, ba ya tare dutse. Sannan yaran da ke goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma a hana su, a fara zuba ruwa. Gilashi in ya ɗan tsage a liƙa farin salatif kar ƙura ta shiga, kar kuma a watsa mishi ruwan sanyi ya sha rana, tsagar sai ta zarce.

Roƙona ga 'yan sanda da jandarma da shugabannin ƙungiyar direbobi, tifar da ta ɗauko kaya ba tamfol ba robar taya a tsayar da ita tun a bakin gari sai ta rufe.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku daga unguwar Zango, Damagaram