Wasiƙa zuwa ga Bashir a Iskandariyya

Assalamu alaikum, aminina Bashir.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya sanyin bakin teku? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, kuma na lura da gangan ka tsokano ni. Wato don kana zaune a birnin da ya kafa, shi ke nan Iskandar ɗan Filibus, sarkin Makidoniya, ya zama gwaninka, har kana cewa shi ne Zulƙarnainin Suratul Kahfi? To, gyara zama.

Jarumta dai ban musa masa ba. Yana ɗan shekara 20 ya gaji ubansa da aka kashe a shekara ta 336 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan shekara biyu ya ƙetara Asiya, ya fatattaki rundunar Farisa a kogin Giranikus, ya sake yi musu kaca-kaca a Isus a 333, inda Sarki Dariyus na uku ya arce ya bar uwarsa da matarsa da 'ya'yansa a hannun abokin gaba. Sai dai kar ka manta, dakarun nan masu dogayen masu da suka fi tsawon mutum biyu, Filibus ne ya horar da su. Yaro ya tarar da tuwo a dafe.

Ni inda na fi ganin halinsa shi ne Taya, garin da Larabawa ke kira Sur, a Lebanon ta yau. A lokacin tsibiri ne mai ganuwa, tsakaninsa da gaɓa bai kai kilomita ɗaya ba. Iskandar ya ce yana so ya shiga ya yi yanka a ɗakin bautarsu, mutanen gari suka ce ya yi a tsohon garin da ke kan tudu. Sun san abin da yake nufi: jiragen ruwan Farisa da tashoshin wannan gaɓa suka dogara, shi kuwa ba zai wuce ya bar su a bayansa ba. Da suka ƙi, sai ya sa aka yi ta kwasar duwatsun tsohon garin ana cike teku, don a yi hanya har gindin ganuwa. Suka ƙona masa hasumiyoyin katako, ya sake ginawa, ya kuma tara jirage daga Saida da Kubrus. Wata bakwai ana abu ɗaya, a 332. Da garin ya faɗi, aka karkashe dubbai, aka sayar da saura bayi. Hanyar nan yashi ya taru a kanta, shi ya sa yau Sur take haɗe da ƙasa. Ka dubi taurin kai, Bashir, mutum ya sauya fasalin gaɓar teku don an ce masa a'a.

Masar ɗinku kuwa ba a ko zare takobi ba, don sun gaji da mulkin Farisawa. Daga nan ya ratsa hamada zuwa Siwa, inda bokayen Amun suka tarbe shi da sunan ɗan abin bautarsu. Shi Amun da ƙahonin rago ake zana shi, dalilin ke nan da ake ganin hoton Iskandar da irin ƙahonin a kan tsabar kuɗin da aka buga bayan mutuwarsa. Ƙahoni biyu kam, waɗanda su ne ma'anar sunan Zulƙarnaini, akwai su, amma ina tauhidin? Ibn Kasir ma raba su ya yi, ya ce Zulƙarnaini mumini ne, wannan kuwa mushriki ne, almajirin Aristotal.

Sauran ka sani. Ya ci Farisawa a yaƙin Gaugamela a 331, kusa da Mosul, sai Babila da Susa suka buɗe ƙofa, aka cinna wa fadar sarakunan Farisa da ke Fasefolis wuta. Ya kai har kogin Jelum a Pakistan ta yau, ya ci Sarki Foras da giwayensa a 326. A bakin kogin Biyas ne sojojinsa suka ce ko taku ɗaya ba za su ƙara ba. Ya shige tanti yana fushi har kwana uku, ba wanda ya sauya ra'ayi. A hanyar komawa ya bi da su ta hamadar Makran, ƙishirwa da yunwa suka halaka jama'a masu ɗimbin yawa.

Ya mutu a Babila a 323, yana da shekara 32, bai bar magajin da ya isa riƙe ƙasa ba. Kwamandojinsa suka yi watandar daular, daga baya aka kashe matarsa Rukzana da ɗan da ta haifa masa. Batlimus da ya kama Masar har gawar ya tare a hanya ya kai can, kuma har yau an rasa inda kabarin yake a garin naku.

In hutu ya zo, daure ka je Siwa ka turo mini hotunan haikalin. Ka kuma tambayi malaminku na tafsiri a kan maganar Ibn Kasir, ina jiran abin da zai ce. Ka gai da su Auwalu da duk 'yan gida da ke wajen.

Wassalam.

Naka,
Kabiru