Buhun waken da na kwance jiya

Aminina,

Assalamu alaikum. Yaya iyali, yaya ƙafar Baba? Shirun nan naka ya yi yawa, na jira ka fara rubutowa har na gaji, ga shi jiya an yi abin da ba zan iya riƙewa a ciki ba.

Na kwance buhun waken da na ɗaure tun kaka, wata 5 ke nan. Na cusa hannu har gwiwa na ɗebo, wallahi sai da na tona kafin na samu ƙwaya mai huda. Na kusa da shi kuwa, wanda na zuba wa busasshen ganyen darbejiya kawai, gari ya fara taruwa a gindinsa. Gona ɗaya, rana ɗaya aka casa su. Bambancin kawai, shi na farkon man 'ya'yan darbejiya na murza masa, kamar mililita 3 a kowane kilo, wato ko ƙaramin cokali bai cika ba. Kai da kake ce min likitan ganye, yanzu sai ka ƙara da "ranka ya daɗe".

Abin da na gane shi ne ƙwaron wake tun a gona yake fara aikinsa. Uwar tana manna ƙwai a jikin kwanso ko ƙwayar, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ciki kai tsaye, ta zauna tana ci, cikin mako 3 zuwa 4 ta fito da fiffike ta sake zuba nata ƙwan. Man yana lulluɓe ƙwan ne ya toshe masa iska. Ga kuma sinadarin ɗacin nan, azadiraktin, da masana suka fara warewa a Ingila a 1968, mai hana ƙwaro cin abinci da girma, kuma ya fi yawa a cikin 'ya'yan fiye da ganyen. Amma tsutsar da ta riga ta shige, da wuya ya iske ta. Shi ya sa wanda ya bari sai ya ga ƙwari suna tashi sannan ya nemi magani ya makara, kuma shi ne zai fita yana cewa maganin itace ƙarya ne.

Af, ƙaninka ya zo aron awon nan nawa, har yau bai dawo da shi ba. An ce maganar aurensa ta kankama, kai ko uffan ba ka ce min ba.

Sai shanya. Masara in danshinta ya haura kashi 13 cikin 100, ba ganyen da zai cece ta daga fumfuna. Ina gwadawa da busasshen gishiri a kwalba: in na girgiza su tare gishirin ya manne a jikin gilashi, sai a mayar rana. Su ma 'ya'yan darbejiyar, duk wanda ya yi fumfuna a zubar. Kada kuma ka ɗauka komai na itace lafiya ne. Majimfa ai kifi take kashewa a ruwa, ba na kusantar da ita da abin da yara za su ci.

Yaran ne ma suka sa na damu. Har yanzu kana jefa ƙwayar maganin ƙwarin nan mai warin tafarnuwa a buhu, a ɗakin da ake kwana? Iskar fosfin take fitarwa, tana kashe mutum, ba ƙwaro kaɗai ba. Don Allah ka fitar da buhunan yau. In man ya yi maka wuya, nemi buhun nan mai ruɓi uku na jami'ar Purdue ta Amurka, wanda iska ba ta shiga, shi ba ya son magani ko kaɗan.

Ɗacin man yana fita in an wanke waken da ruwan zafi, uwargida ta tabbatar. Zan aiko maka da kwalba ɗaya ta hannun ƙanin naka, in ya kawo min awona. Ka gaishe da Baba da jiki.

Naka har kullum.